Yadda ango da amarya za su koyi rawar farko kafin ranar biki

Rawar farko, wadda ango da amarya ke yi su biyu kaɗai a gaban baƙi, ba ta cika wuce minti 2 zuwa 3 ba, amma a 'yan mintocin nan ne kowa a zaure yake yin tsit ya zuba wa mutum biyu ido. Da yawa daga masu shirin aure sukan je wurin malamin rawa da bidiyo a waya, su ce irin wannan suke so, alhali abin da ke cikin bidiyon aikin waɗanda suka shekara da shekaru suna rawa ne. Abin da zai fitar da ku kunya bai kai haka yawa ba: taku uku ko huɗu da suka zauna daram a ƙafa, riƙo mai kyau, da kunnen da ke jin bugun kiɗa. Sauran ado ne, idan lokaci ya ragu a ƙara.

Lokacin farawa da yawan darasi

Ku ƙirga daga ranar biki ku dawo baya. Wanda bai taɓa koyon rawa ba, kuma burinsa rawa mai sauƙi mai tsabta, wata 3 ya ishe shi, da darasi 5 zuwa 8, kowanne na minti 45 zuwa awa ɗaya. Idan kuna son rawar da aka tsara tun daga shiga fili har fita, kowane motsi da wurinsa a waƙa, ku ba kanku wata 5 ko 6 da darasi 10 zuwa 12. Darasi ɗaya a mako ya fi dacewa. Jiki ba ya riƙe motsi a zama ɗaya, sai an yi, an kwana, an sake yi. Darasi 6 a mako 6 ya fi darasi 6 da aka cusa a mako guda nesa ba kusa ba.

Idan kuma saura mako 3, kada ku fasa. Ku ɗauki darasi 3, ku tsaya kan taku ɗaya, juyi ɗaya da yadda za a rufe.

Ajin taro yana da sauƙin kuɗi, kuma yana da amfani wajen koyon tushe, amma ba da waƙarku ake koyarwa a can ba. Wanda ke da hali ya haɗa biyun: ajin taro a watan farko, sannan darasin ku biyu kaɗai da malami. Kafin ku biya kuɗin darussa da yawa, ku yi guda ɗaya na gwaji. Malamin kirki, kafin ya nuna muku komai, zai tambayi waƙar, girman filin, irin rigar amarya da tsinin takalminta. Wanda bai tambaya ba, abin da ya saba koya wa kowa zai ɗora muku. Ku kuma ku faɗa masa duk wani ciwon gwiwa, baya ko kafaɗa, da juna biyu idan akwai, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Waƙa ce ke zaɓar rawa

Kada ku zaɓi salon rawa sannan ku nemo masa waƙa. Ku kawo waƙoƙi 2 ko 3 da kuke so, a auna su. Abu biyu ake dubawa.

Na farko, bugu nawa ne a kowace gaɓa. Ku saurari ganga ko sauti mai kauri da ke ƙarƙashin waƙar, ba muryar mawaƙi ba, domin mawaƙi yakan ja baƙi ko ya riga kiɗa. Akwai bugu mai nauyi da ke dawowa a kai a kai, shi ne "ɗaya", kuma daga shi zuwa na gaba gaɓa ɗaya ke nan. Idan daga wannan zuwa na gaba kuna ƙirga ɗaya, biyu, uku, waƙar ta wals ce, rawar da ta fito daga Ostiriya da kudancin Jamus. Idan kuna kaiwa huɗu, kamar yadda yawancin waƙoƙin soyayya na zamani suke, sai a koma ga rumba, mai tushe a Kyuba, ko fokstirot da ta bayyana a Amurka wajen 1914, ko kuma rangaji na gefe da gefe.

Na biyu, sauri. Ku ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ku ninka sau 4, kun sami adadin bugu a minti. Wals mai natsuwa tana tafiya a bugu 84 zuwa 90. Rumba tana tsakanin 100 da 128, gwargwadon salo. Fokstirot kuwa daga wajen 112 zuwa sama kaɗan da 130. Waƙar da ta yi ƙasa da 70 ta fi wuya fiye da yadda ake zato, saboda tsakanin bugu da bugu akwai tazara mai tsawo da za a cike a tsaye kan ƙafa ɗaya, kuma nan ne sabon shiga yake tangaɗi.

Akwai wani tarko. Wasu waƙoƙin suna da natsuwa a kunne, amma idan aka ƙirga sai a ji uku-uku ne da gudu: ɗaya-biyu-uku, huɗu-biyar-shida. Wanda ya ce zai taka kowane bugu zai faɗa cikin wals mai sauri, mai bugu kusan 180 a minti, wadda ba ta sabon shiga ba ce. Maganinsa a taka a kan ɗaya da huɗu kawai, a bar sauran su wuce.

Waƙar da ta kai minti 4 ko 5 a yanke ta zuwa minti 2 da rabi. A yanke a ƙarshen amshi, kada a datse mawaƙi a tsakiyar baiti. A yi yankan tun a makonnin farko, don kunnenku ya saba da wadda za a sa ranar.

Nauyi: inda kusan duk kuskure yake

Kafin a riƙe juna, kowa ya koyi wannan shi kaɗai. Taku a rawa ba ajiye ƙafa ba ne, mayar da nauyin jiki gaba ɗaya ne kan ƙafar da aka ajiye. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan kowane taku, ɗaga ɗayar ƙafar daga ƙasa. Idan ta ɗagu ba tare da ka gyara tsayuwa ba, nauyi ya koma. Idan ba ta ɗagu ba, ka raba nauyinka biyu, kuma a bugu na gaba ba za ka san wace ƙafa ce ke da aiki ba. Duk wanda ya ce "kullum ƙafata rikicewa take yi", wannan ne ciwonsa. An fi yin kuskuren a takun haɗe ƙafa: mutum ya jawo ƙafa ya taɓa ƙasa da ita kawai, bai hau kanta ba, sai ya sake fita da ita. Dokar ita ce hagu, dama, hagu, dama, kamar tafiya. Ƙafa ɗaya ba ta fita sau biyu a jere sai an tsara haka da gangan.

Ku yi minti 5 kullum a makon farko kuna taka wuri ɗaya da waƙar, kuna sauya nauyi a kan bugu. Abin da gundura, amma shi ne harsashin ginin.

Riƙo

A al'adar wannan rawa ɗaya ke jagora ɗaya na bi. Galibi ango ne jagora, shi ya sa za a yi bayanin haka, amma babu abin da ya hana a sauya idan amarya ta fi jin kiɗa.

Ku tsaya fuska da fuska, sannan kowa ya ɗan gusa zuwa hagunsa, yadda ƙafar dama ta kowannenku za ta nufi tsakanin ƙafafun ɗayan. Wannan 'yar gocewar ita ce ke hana taka juna da karon gwiwa. Masu tsayawa yatsa da yatsa dole su yi ta neman gafara.

Ango ya ɗora tafin hannun dama a kan allon kafaɗar amarya na hagu, yatsu a haɗe, ba a ƙugu ba. Daga ƙugu ba a iya juya mutum, sai dai a lanƙwasa shi. Amarya ta ɗora hannun hagu a kan damtsensa, kusa da kafaɗa, amma ta ɗauki nauyin hannunta da kanta, kada ta rataya. Ɗayan hannayen, hagunsa da damanta, a haɗa su a gefe daidai tsayin idon wanda ya fi gajarta. Gwiwar hannu a ɗage, kafaɗa a sauke. Hannu kada ya yi taurin itace, kada kuma ya yi laƙwas. Ana son ɗan ƙarfi daidai wanda idan ƙirjin ango ya motsa gaba, amarya za ta ji tun kafin ƙafarsa ta tashi. Da gangar jiki ake jagora. Angon da ke fara miƙa ƙafa kafin jikinsa ya tafi, a kan yatsun amarya zai sauka.

Kallon ƙafa kuma a daina shi tun darasi na biyu. Kai yana da nauyi, idan ya sunkuya sai ƙugu ya koma baya, riƙo ya ɓaci. Ga shi kuma ranar biki riga za ta rufe ƙafar, ba abin da za a gani.

Takun akwati

Wannan taku ɗaya yana aiki a wals da rumba, shi ya sa malamai suka fi farawa da shi. Ana ce masa akwati don yana zana murabba'i a ƙasa.

Ango: ɗaya, hagu gaba. Biyu, dama zuwa gefen dama. Uku, hagu ta haɗe da dama, nauyi ya hau kanta. Huɗu, dama baya. Biyar, hagu zuwa gefen hagu. Shida, dama ta haɗe.

Amarya tana yin kishiyarsa: dama baya, hagu gefe, dama ta haɗe, sannan hagu gaba, dama gefe, hagu ta haɗe.

A wals kowane taku bugu ɗaya ne. A rumba, da yake bugu huɗu ne a gaɓa kuma taku uku, takun gaba ko na baya yana cin bugu biyu, sai a ƙirga "sannu, maza, maza". Kada a cinye "sannu" ɗin, a nan kyawun yake.

Faɗin taku kada ya wuce faɗin kafaɗa. Takun amarya na baya shi ne mafi wuya a duk rawar: ta miƙa ƙafar daga ƙugu, yatsu su fara taɓa ƙasa can baya, sannan nauyi ya bi. Idan ta lanƙwasa gwiwa kawai ta ajiye ƙafa kusa, ba ta bar wa ango wuri ba. Idan tsayinku ya bambanta sosai, dogon ne zai rage taku.

Da akwatin ya zauna, sai a fara juya shi zuwa hagu kaɗan-kaɗan a kowane takun gaba da na baya. Ƙwararru sukan juya kwata a kowane rabin akwati, su zagayo cikin taku 12. Ku fara da rabin haka. Amfaninsa, duk ɓangarorin zaure za su ga fuskokinku, ba bayan mutum ɗaya ba har waƙa ta ƙare.

Juyi ƙarƙashin hannu

Shi ne motsin da ke jawo tafi, kuma ba shi da wuya idan ango ya gane cewa ba shi ke juya amarya ba, ƙofa kawai yake buɗe mata. A yi rabin akwati na farko. A kan huɗu, yayin da ango ke komawa baya, ya ɗaga hannun hagu, ya sake bayanta bayan ya ɗan nuna mata hanya da hannun dama. Amarya ta wuce ƙarƙashin hannun tana tafiya gaba, tana zana ƙaramin da'ira zuwa damanta cikin taku 6, ta dawo ta fuskance shi, a koma riƙo a ƙarasa akwati. Shi kuwa yana ci gaba da akwatinsa da ƙananan taku.

Abubuwa uku ke ɓata shi. Ɗaga hannu a makare, sai amarya ta sunkuya. Damƙe yatsu, alhali dole hannunta ya juya cikin nasa, don haka riƙon ya zama sako-sako, kada babban yatsa ya danne. Sai kuma tuƙa hannun kamar mai dama abu a tukunya, wanda ke fizge ta daga kan ƙafarta. Hannun ya tsaya ɗan sama da kanta, gaban goshinta kaɗan, a ƙara tsayi gwargwadon adon da za ta sa a kai ranar. Amaryar da juyi ke sa wa jiri ta riƙa neman fuskar ango da ido da zarar ta zagayo, kada ta kalli ƙasa.

Kishingiɗar ƙarshe

Kishingiɗa, wato ango ya ɗan kwantar da amarya baya a kan hannunsa, ba dole ba ce. Juyi a tsaya cak, ko runguma, duk rufewa ce mai kyau. Idan ana so, ga ƙa'idarta: amarya ce ke ɗauke da yawancin nauyinta, a kan ƙafa ɗaya da ta lanƙwasa, ɗayar a miƙe. Ango ya buɗe ƙafa zuwa gefe, ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, hannunsa a tsakanin allunan kafaɗarta. Da gwiwa ake sauka, ba da ƙugu ba. Angon da ya ranƙwafa a kanta ya fitar da nauyinsu duka biyun daga kan ƙafafunsa, kuma haka ake faɗuwa. Kada a yi zurfi. A tsaya a ciki daƙiƙa 3 zuwa 4 don mai hoto ya samu, a taso a hankali. Ɗaga amarya sama kuwa, in ba malami ya gwada ku sau da yawa da ainihin kayan ba, a bar shi.

Jera rawar a kan waƙa

Ku yi lissafi. A wals mai bugu 90 a minti, akwati ɗaya daƙiƙa 4 ne. Waƙar minti 2 da rabi, idan aka cire daƙiƙa 20 na shiga da 10 na rufewa, saura minti 2, wato akwati 30. Haddace abu 30 a jere wahala ce da ba ta da amfani. A maimakon haka ku kafa alamomi 4 ko 5 a cikin waƙar: kiɗan buɗewa na tafiya zuwa tsakiyar fili da kama riƙo, baiti na farko na akwati mai juyawa, shigowar amshi na juyi ƙarƙashin hannu, baiti na biyu na sabon taku ɗaya, layin ƙarshe na rufewa. Tsakanin alamomin, akwati ne gida. Wanda ya ɓata ya koma gida ya jira alama ta gaba. Rawar da aka ɗaure kowane bugu da motsinsa, kuskure ɗaya ke warware ta har ƙarshe.

Shiga fili ma a koye shi. Mutane sukan yi wata 3 suna bitar juyi, sannan su shigo suna waige-waige ba su san inda za su tsaya ba.

Bita a gida

Minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a mako. A ƙarshen kowane darasi ku ɗauki bidiyon malami yana yin abin da ya koyar, domin bayan kwana 2 kowannenku zai tuna shi daban. Ku bi wannan tsari: ba kiɗa kuna ƙirga da baki, sai da kiɗa kuna ƙirgawa, sai da kiɗa ba ƙirge, daga ƙarshe da kiɗa kuna hira. Ranar da kuka iya hira ba ku rasa taku ba, rawar ta sauka daga kai zuwa ƙafa.

Kada ɗaya ya zama malamin ɗaya. Yawancin saɓanin da ake yi a bita daga "ba haka ba ne" yake tashi, kuma sau da yawa mai gyaran shi ne da kuskuren. Abin da kuka kasa daidaitawa ku rubuta ku kai wa malami. Sau ɗaya a mako ku jingine waya ku ɗauki kanku, za ku ga hannun da ya faɗi da kan da ya sunkuya. Saura wata ɗaya, ku yi rawar gaban mutum 3 ko 4, ku ma sa ɗaya ya yi muku magana a tsakiya, don ku koyi komawa bayan an katse ku.

Takalmi, riga da daɓe

Nan ne rawar da aka iya take lalacewa. Ƙasan takalmi na roba yana kama daɓe, sai ƙafa ta tsaya gwiwa ta murɗe. Sabon ƙasan fata kuma santsi gare shi, a ɗan goge shi da samfefa ko a taka shi a kan siminti. Amarya ta nemi takalmi mai maɗauri a idon sawu, tsini kada ya wuce wanda ta saba, santimita 5 zuwa 6 ya wadatar. A fara bita da ainihin takalman akalla mako 4 kafin biki. Idan za ta sauya zuwa mara tsini don rawa, ta tuna an yanke rigar ne a kan tsayin mai tsinin, don haka za ta ƙara jan ƙasa.

A wurin gwajin riga, ta yi taku uku baya, ta ɗaga hannun dama sama da kai, ta juya. Riga mai jela tana buƙatar tela ya sa maɗauri ko ƙugiya da za a naɗe jelar, a kuma koya wa mutum ɗaya yadda ake ɗaurawa. Riga mai matse gwiwa tana rage taku, mai faɗi kuma tana tura ango nesa, sai ya riƙa jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa don kada ya taka. Idan amarya ba ta son ango ya ga rigar, ta yi bita da dogon siket ko ta ɗaura zanen gado mai irin tsawon, ta nuna wa malami hoton a keɓe. Ango ya gwada riƙo sanye da kwat ɗinsa: idan kafaɗar na tashi zuwa kunne, ya ɓalle maɓalli. Ya fitar da waya da makullai daga aljihu, ya kuma duba agogo da maɓallan hannu, su ne ke kama gashi da lulluɓi a juyi.

Ku tambayi girman filin rawar da irin daɓensa. Mita 3 a kan mita 3 ya isa akwati da juyi. Ku auna daidai wannan a gida ku sa alama, ku yi bita a cikinsa. Katako ya fi kowanne, tayil yana da santsi, kafet yana riƙe ƙafa, ciyawa tana haɗiye tsini. Idan akwai dama, ku je ku taka wurin sau ɗaya da takalmanku.

Mai sa kiɗa da mai hoto

Ku ba mai sa kiɗa ainihin fayil ɗin da kuke bita da shi, ba sunan waƙa ba, don waƙa ɗaya takan fito a siga da yawa masu bambancin sauri da buɗewa. Ku ajiye kwafi a filash da kuma a wayar wani, kada a dogara da intanet. Ku yi yarjejeniya a kan lokacin sakin kiɗa: da kun taso, ko sai kun tsaya a tsakiya. Idan makaɗa ne za su buga kai tsaye, ku gaya musu adadin bugu a minti, ku roƙi su ɗaukar muku yadda za su buga don ku yi bita da shi. Mai hoto kuma a nuna masa ɓangaren da za a fuskanta a rufewa.

Mako biyun ƙarshe da ranar kanta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako 2, a rufe ƙofar sabon motsi, duk abin da bai zauna ba a cire shi. Darasin ƙarshe ya zama cikakken gwaji, daga kiran suna har fita, sau 2 ko 3.

Ranar biki ku saci minti 5 a keɓe ku yi akwati da juyi ɗaya cikin kayan. A naɗe jelar riga, a miƙa furanni ga wani, a sa mutum ya duba filin ko an zubar da ruwa ko akwai wayar lantarki a hanya. Da kun kama riƙo kada ku yi gaggawar farawa. Zuciya na bugawa da sauri a irin wannan lokaci, sai kiɗa ya zama kamar ya rage gudu, shi ya sa kusan kowa yake riga shi. Ku ja numfashi, ku bar gaɓa ɗaya ko biyu su wuce, ango ya ɗan matsa bayan amarya a matsayin sanarwa, ku fita a kan "ɗaya" da ƙaramin taku.

Idan an rikice, kada a tsaya, kada a ɓata fuska. Babu baƙon da ya san jerin da kuka tsara. Ku yi rangaji gefe da gefe, ango ya ce "akwati" a hankali, ku jira bugu mai nauyi, shi ya fita da hagu, ita da dama. Bayan rufewa ku tsaya riƙe da hannu ku fuskanci jama'a na 'yan daƙiƙu, kuma tun da wuri ku gaya wa mai gabatarwa ko a nan zai kira sauran mutane fili, ko zai bari ku koma wurin zama tukuna.